Idan Ka Kama Babban Hannu a Poka ta Intanet, Ga Yadda Za Ka Sa a Biya Ka

Babban hannu ba kullum yake zuwa ba. A Teksas Holdam, nau'in pokar da ake raba wa kowa kati biyu, As biyu (A-A, kati mafi girma) sukan faɗo wa mutum sau ɗaya ne a cikin rabo 221. Idan kuma tagwaye kake riƙe da su, a ce 7-7, damar na ukunsu ya fito a fulof, wato katuna ukun farko da ake buɗewa a tebur, ba ta kai kashi 12 cikin ɗari cif ba, kusan sau ɗaya ke nan a cikin takwas da rabi. Duk sauran lokacin me kake yi? Jefar da kati, biyan bilain, wato zubin dole kafin a raba kati, da tsintar ƙananan tukwane, wato abin da aka tara a tsakiya, nan da can. Waɗannan 'yan hannuwa ƙalilan su ne za su mayar maka da abin da ya zurare a sauran zaman. To idan ɗaya ya zo ka tashi da rubu'in abin da ya kamata ka samu, ka yi asara, ko da allon ya nuna kai ne ka ci.

Abin da na fi gani a ƙananan tebura shi ne wannan. Mutum ya kama set, wato tagwayensa sun sami na ukunsu a tebur, zuciyarsa ta buga, sai yatsansa ya tafi kan cek, wato wucewa ba tare da zuba komai ba. Tunaninsa kada ya kori abokin wasa. Ya yi cek a fulof, ya zuba 'yar kaɗan a kati na huɗu, a katin ƙarshe ya sake zuba 'yar kaɗan kamar mai roƙo. Aka biya shi, ya ci, ya ji daɗi. Ni kuwa abin takaici yake ba ni, don idan aka buɗe katin ɗayan sai in ga da zai biya ninki uku na wannan ba tare da wani dogon tunani ba.

Tukunya ninkuwa take yi

Mu ɗauki tebur da ƙaramin bilain yake cif 1, babba cif 2, kowa yana da 200 a gabansa. Ka ɗaga zuwa 6, mai babban bilain ya biya, saura suka jefar. Tukunya ta zama 13, kowannenku yana da ragowar 194. Zagaye uku suka rage: fulof, kati na huɗu, da katin ƙarshe. Duk zagayen da ka zuba daidai abin da ke cikin tukunya, shi kuma ya biya, tukunyar ta ninku sau uku. Ka zuba 13, ta koma 39. Ka zuba 39, ta koma 117. Ka zuba 117. Jimillar abin da ka karɓa daga hannunsa 169 ke nan.

Yanzu a ce ka yi cek a fulof, shi ma ya yi cek. Kati na huɗu ya same ku tukunya tana nan a 13. Ka zuba 13, ya biya, a katin ƙarshe ka zuba 39, ya biya. Ka karɓi 52. Mutane suna ɗauka cek ɗin fulof 13 kawai ya ci musu, alhali zubin ƙarshe ne ya tafi, na 117, wanda ya fi sauran biyun a haɗe har sau biyu. Zagayen da ka tsallake a farko, a ƙarshe kake biyan kuɗinsa.

Haka abin yake da girman zubi. Wanda ya zuba rabin tukunya a zagaye ukun duka, kusan 46 zai tara. Wanda ya zuba kashi uku cikin huɗu, kusan 95. Bambancin rabi da uku cikin huɗu a fulof cif 3 ne kacal, ba wanda zai jefar da sarkinsa saboda cif 3, amma kafin a kai ƙarshe tazarar ta zama 50. Ka kuma lura, ko cikakkiyar tukunya sau uku a jere ba ta kwashe 194 ɗin nan duka ba. Shi ya sa da zarar na ga set a fulof, kafin in taɓa komai, nakan dubi abu biyu: nawa ke cikin tukunya, nawa kuma ya rage a gaban wanda ya fi ƙarancin tari tsakanina da shi, don wannan ne iyakar abin da za a iya ci. Daga nan sai in lissafa daga ƙarshe zuwa farko. Ina son a katin ƙarshe abin da ya rage a gabansa ya kasance bai wuce girman tukunya ba, yadda idan na tura duka zai ga kamar zubi ne na yau da kullum. To nawa zan zuba a kati na huɗu in kai can? Nawa kuma yanzu?

Inda aka riga aka sake ɗagawa kafin fulof, aikin ya yi sauƙi ƙwarai. Wani ya ɗaga zuwa 6, ka mayar da shi 20, masu bilain suka jefar, ya biya. Tukunya 43, ragowa 180. Ka zuba 24, sannan 50, sannan 106. Kowane zubi ya ɗan ɗara rabin tukunya ne kawai, ba wanda ya yi kama da barazana, amma duk tarinsa ya shigo tsakiya. Wannan na ɗaya daga cikin dalilan da suka sa ba na ɓoye A-A ko K-K kafin fulof. Ɗaya dalilin kuma yawan mutane ne. A-A yana cin hannu guda da aka raba ba zaɓi kusan sau 85 cikin ɗari. Idan mutum huɗu ne suka biyo ka, abin ya sauko zuwa wajen 56. Wanda ya shiga da bilain kawai don kada a gane shi, ya gayyato jama'a masu katunan da ba zai iya karantawa ba, kuma a tukunyar da ba ta taka kara ta karya ba. Ka ɗaga, kuma da girman da ka saba ɗagawa da kowane hannu. Idan kullum 6 kake yi, yau ka yi 12, ka faɗa musu abin da kake riƙe da shi.

To idan ya gudu fa?

Wannan ce tambayar da ake yi mini duk lokacin da na faɗi haka, kuma tambaya ce mai ma'ana. E, zai gudu, sau da yawa ma. Hannun da ba tagwaye ba yakan kasa haɗuwa da komai a fulof kusan sau biyu cikin uku. Amma ka tambayi kanka, wanda ba shi da komai, me cek ɗinka zai ƙara masa? Katuna shida ne za su ba shi tagwaye a kati na huɗu, kusan kashi 13 cikin ɗari, kuma ko ya samu, zubi ɗaya matsakaici zai biya ya haƙura. Wanda kuwa yake da wani abu tun a fulof, sarki da rakiya mai kyau, ko tagwaye biyu, ko yana jiran fulash, wato katuna biyar masu alama iri ɗaya, a shirye yake ya biya yanzu, ya biya anjima. Kuɗinka yana wurin wannan mutumin. Kana barin 117 daga hannun mai biya don ka tsinci 13 daga hannun wanda ba zai taɓa ba ka fiye da haka ba. Ranar da ka zuba kowa ya jefar, ba kuskure ka yi ba. Ba su da komai ne, kuma babu dabarar da za ta fitar da kuɗi daga hannun da babu komai a cikinsa.

Katunan tebur su ne za su gaya maka gaggawar da ke gabanka. A ce kana da 10-10, fulof ya zo J da 10 na zuciya, da 4 na daimon. Set ne, kuma hannu ɗaya tak ya fi ka a yanzu, J-J. Amma dubi abin da ke tafe. Katuna 47 ne ba ka gani ba. Duk zuciyar da ta faɗo ta buɗe ƙofar fulash. Duk A, K, Q, 9, 8 ko 7 ya buɗe ƙofar jere, wato katuna biyar bi da bi. Idan ka ƙirga, ka cire 4 na zuciya tunda shi ful haus zai ba ka, wato uku iri ɗaya da tagwaye, wanda ya fi fulash, katuna 28 ne cikin 47 za su sauya fuskar tebur. Fiye da rabi ke nan. Kuma cutarwarsu kashi biyu ce. Wani lokaci su ba abokin wasa abin da ya fi naka. Wani lokaci kuma, kuma wannan ya fi yawa, ba su ba shi komai ba amma sun tsorata shi: mai A-J da zai biya ka da murna a fulof, yana ganin zuciya ta uku sai ya ƙi sa ko cif ɗaya. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. A irin wannan tebur nakan zuba kashi uku cikin huɗu na tukunya ko cikakkiyarta, idan kuma ya ɗaga ni ba na lallaɓawa, in sake ɗagawa.

Lissafin mai jiran fulash yana da kyau mutum ya riƙe shi a ka. Katuna tara ne ke cika masa, damarsa a kati na gaba kusan kashi 19 cikin ɗari. Idan ka zuba rubu'in tukunya, kashi 17 yake buƙata ya biya ba tare da asara ba, ka ga ka sayar masa da katin da araha. Idan ka zuba uku cikin huɗu, kashi 30 yake buƙata, kuma ba shi da su. Mafi yawan 'yan wasa a ƙananan tebura za su biya duk da haka, kuma kowane irin wannan biya riba ce gare ka ko da wannan karon fulash ɗin ya faɗo. Ka kuma tuna set ba ya tsaya cak. Daga fulof zuwa ƙarshe yakan zama ful haus ko huɗu iri ɗaya kusan sau ɗaya cikin uku, shi ya sa idan kuka tura duka da mai jiran fulash zalla, kai ke da kusan uku cikin huɗu na tukunyar.

Inda kwanton ɓauna yake da amfani

Ba na cewa kada a taɓa yin cek da babban hannu. Akwai wurinsa, sai dai wurin ƙarami ne, kuma gane shi yana buƙatar ƙirga katunan da ka tare.

Ɗauki fulof K-7-2, kowane kati da irinsa daban, babu jere ko fulash a kusa. Mutum biyu, ɗaya yana da K-K, ɗaya yana da 7-7, duka set ne, amma halinsu ba ɗaya ba. Mai 7-7 ya bar sarakuna uku a waje. A-K na iya zuwa ta hanya 12, K-Q ta hanya 12, K-J ma haka. Masu biyansa suna da yawa, don haka ya zuba kawai. Mai K-K kuwa ya riƙe biyu, ɗaya yana tebur, sarki ɗaya tal ya rage. A-K ya koma hanya 4, K-Q hanya 4. Shi da kansa ya cinye katunan da za a biya shi da su. A nan cek yana da hujja: kusan babu katin da zai cuce shi, kuma As ko sarauniya da za ta faɗo a kati na huɗu tana iya ba ɗayan abin da zai riƙe. Haka ma idan ka kama ful haus ko huɗu iri ɗaya tun a fulof. Set na ƙasa da na tsakiya sun fi na sama kawo kuɗi a tebur irin wannan, kuma mutane da yawa ba su taɓa lura ba.

Sharaɗi na biyu shi ne halin mutumin. Kwanto sai da wanda zai zuba idan ka yi cek. Akwai 'yan wasan da ba sa iya ganin cek su ƙyale, su yi burga a fulof, su ƙara a kati na huɗu, su tura duka a ƙarshe da hannu wayam. Irin wannan idan ka ɗaga shi ka kashe masa burgar. Ka biya kawai, ka bar shi ya ci gaba da gina maka tukunya, musamman idan kai ne na ƙarshe a magana, tunda ko ya yi cek kana da damar zubawa, zagayen ba zai wuce a banza ba. Misalin da aka fi kawowa shi ne hannun ƙarshe na babbar gasar duniya ta poka a Las Vegas a 1988. Johnny Chan yana da J-9, fulof ya zo Q-10-8, ya kama jeren da babu na sama da shi. Erik Seidel yana da Q-7. Chan ya yi cek a kati na huɗu, Seidel ya tura duka a katin ƙarshe, Chan ya biya ya ɗauki gasar. Masu kawo wannan misali sukan manta abu biyu. Chan ya zuba a fulof, har Seidel ya ɗaga shi, wato tukunya ta riga ta girma kafin ya lafa. Kuma su biyu ne kaɗai suka rage, da abokin karawar da ya nuna yana son turawa. Wannan ya sha bamban da tebur mai mutum shida inda wanda ke gabanka biya kawai ya iya.

Manhajojin da ke warware wasan da lissafi su ma sukan yi cek da wasu manyan hannuwa, don kada cek ɗinsu ya zama alamar rauni a kullum. Wannan kariya ce daga ƙwararren da ke bibiyar yadda kake wasa. A ƙananan teburan intanet, inda mutum zai zauna da kai minti ashirin ya tashi, ko a irin teburan da ake sauya maka abokan wasa bayan kowane hannu, ba na ganin amfanin biyan kuɗin wannan kariyar.

Idan kai ne za ka fara magana, kuma ɗayan ne ya ɗaga kafin fulof, yin cek don ka ɗaga bayan ya zuba hanya ce mai kyau, matuƙar mutum ne da ya saba ci gaba da zubi. A fulof za ka ɗaga, kusan ninki uku na zubinsa ko fiye kaɗan. Kada ka jira kati na huɗu ka yi 'yar ƙaramar ɗagawa ta ninki biyu. Kowa ya san ma'anar wannan, ko sabon shiga yakan ajiye katinsa. A fulof kuwa masu jiran kati ma suna ɗagawa, don haka zai iya zaton burga ce. Idan mutum uku ko huɗu ne a tukunya, ni kam zubawa nake kai tsaye. Da yawan mutane da wuya a rasa mai abin biya, kuma a cikin taro mutane sun fi yin cek, sai ka ga zagaye ya wuce kowa ya ga kati kyauta.

Katin ƙarshe shi ne inda kuɗi ya fi yawa, kuma nan ne hannun mutane ya fi rawa. A ce tukunya 100 ce, kana da tabbacin kai ne a sama. Mu ƙaddara, don misali kawai, idan ka zuba 50 zai biya sau shida cikin goma: matsakaicin abin da za ka samu 30. Idan ka zuba 100 ya biya sau huɗu cikin goma: 40. Idan ka zuba 150 ya biya sau uku cikin goma: 45. Zubin da aka fi ƙin biya shi ne ya fi kawo kuɗi. Abin da za ka riƙe shi ne, idan ka ninka zubi, sai yawan biyansa ya ragu da fiye da rabi kafin ka yi asara, kuma mutumin da ya biya zagaye biyu da A-K a tebur mai sarki ba kasafai yake ajiyewa don an ƙara girma ba. Rai yana son a biya shi ko yaya, don jin daɗin ganin an buɗe kati. Wannan jin daɗin yana da tsada. Kafin ka zaɓi lamba, ka ambaci hannuwan da kake so su biya ka, da sunansu: A-K, K-Q, tagwaye biyu. Idan masu ƙarfi ne, ka zuba da yawa, har fiye da tukunya. Idan ka duba ka ga duk abin da zai iya riƙewa raunana ne, tagwaye na biyu ko na uku, to ka sauko zuwa kashi ɗaya cikin uku. Girman zubinka daga katinsa zai fito, naka dai ka riga ka san ya ci. Kuma kada ka yi cek a katin ƙarshe kana fatan ya zuba ka ɗaga, sai da mai burgar da ka sani. Mafi yawan mutane da hannu matsakaici cek za su yi su ga kati, su gode maka.

Abubuwan da allon kwamfuta ya ƙara

A intanet ba a ganin fuskarka, amma ana ganin lokacinka da lambobinka. Wanda kullum yake zubawa cikin daƙiƙa biyu, yau ya tsaya har ajiyar lokacinsa ta fara ƙirgawa sannan ya ɗaga, ya ba da kansa. Wannan dogon shiru na ƙarya da ɗagawa a bayansa tsohuwar alama ce da kusan kowa ya sani. Ka saba wa kanka ɗaukar lokaci iri ɗaya, daƙiƙa huɗu ko biyar, da babban hannu da ƙarami. Hakan ma zai ba ka sararin yin lissafin da na faɗa a sama. Kada kuma ka danna akwatunan nan da ke yanke maka hukunci tun kafin layi ya zo kanka, irin na biyan duk abin da aka zuba. Biya nan take yana nuna ba ka ko yi tunanin ɗagawa ko jefarwa ba, kuma idan wani ya tura duka kafin layinka, ka rasa damar dubawa.

Maɓallan girman zubi, na rabi da na uku cikin huɗu da na cikakkiyar tukunya, a yawancin shafuka kana iya sauya su a saituna. Ka gyara su su dace da yadda kake wasa, ka ƙara ɗaya da ya wuce tukunya. Idan babu shi a gabanka, ba za ka tuna da shi ba lokacin da agogo ke gudu. Idan kana buga tebura da yawa a lokaci guda kuma babban hannu ya faɗo a ɗaya, ka ba shi hankalinka duka, sauran su jira ko ka jefar da abin da ba shi da muhimmanci. Tukunya ɗaya ta 400 ta fi ƙananan ashirin.

Sai cika tari. Idan tebur ya yarda da 200 kai kuma ka bari naka ya sauko 90, ranar da set ya zo 90 kawai za ka iya ci. Akwai saitin da ke cika maka kai tsaye bayan kowane hannu, ka kunna shi, in dai kuɗin da ka ware wa wasan ya ɗauka. A gasa abin ya bambanta, tunda ba a ƙara cif. Idan tarinka bai wuce bilain ashirin ba, zagaye biyu sun isa a kwashe shi duka, don haka cek ɗaya a fulof ba ya cin abin da yake ci a tari mai zurfi.

Rubutun da kake yi a kan abokan wasa shi ne abin da na fi daraja a duk kayan aikin shafi. Ba dogon bayani ba. Layi ɗaya: ya biya zagaye uku da tagwaye na biyu. Ko: ya ajiye da aka zuba cikakkiyar tukunya a ƙarshe. Ko: yana burga idan aka yi masa cek. Ka sa masa launi. Watanni bayan haka za ka same shi a wani tebur kana riƙe da nots, wato hannun da babu na sama da shi, layin nan shi zai gaya maka ko 60 za ka zuba ko 150. Manhajojin da ke nuna alƙaluman abokan wasa a kan allo wasu shafuka sun yarda da su, wasu sun hana, sai ka karanta dokar inda kake wasa. Idan kuma ka zuba aka jefar, kada ka nuna katinka. Ka bar shi da zaton ko burga ka yi masa, zaton nan ne zai sa ya biya a karo na gaba.

Ƙarfin hannu yana sauyawa da kowane kati, wannan kuma dole a faɗe shi. Set ɗin 10 a tebur da ya ƙare da zuciya huɗu ba babban hannu ba ne kuma. A-A a tebur 9-8-7 da mutum uku suna ɗagawa tagwaye ne kawai. Wanda tun da ka zauna biya kawai yake yi, bai taɓa ɗagawa ba, idan ya ɗaga ka a katin ƙarshe, ka yarda da shi, da wuya ya zama burga. Amma kada tsoron abin da ba kasafai yake faruwa ba ya hana ka zubawa. Idan mutum biyu suna riƙe da tagwaye, su duka su kama set a fulof ɗaya kusan sau ɗaya ne cikin ɗari. Idan ya faru, tarinka ya tafi, kuma babu laifinka a ciki. Wanda yake lallaɓa kowane set don tsoron wannan ɗayan, yana zubar da ribar sauran.

A nan ne maganar kuɗi ta shigo, kuma ina faɗinta da gaske. Duk abin da na bayyana yana buƙatar ka iya tura tarinka duka hankalinka a kwance. Set yana shan kaye sau ɗaya cikin huɗu a gaban mai jiran fulash, A-A yana shan kaye a gaban K-K kusan sau 18 cikin ɗari. Idan rasa abin da ke gabanka zai taɓa kuɗin da kake buƙata don rayuwa, hannunka zai ƙi danna babban zubi, kuma ka zauna a teburin da ya fi ƙarfinka. Ka sauka ƙasa, ko ka koma teburan cif na wasa da ba a sa kuɗi, inda za ka iya gwada lissafin girman zubi har ya zauna maka, duk da cewa mutane a can sun fi biya barkatai. Kada ka yi wasa da bashi, kada kuma ka bi asara da ƙarin kuɗi.

Shafuka da yawa suna ajiye tarihin hannuwan da ka buga. Ka ware lokaci ka buɗe shi, ka tsamo duk inda ka kama set ko abin da ya fi shi, ka ajiye waɗanda ka faɗi a gefe, ka dubi waɗanda ka ci. A kowanne ka rubuta lamba biyu: nawa ɗayan yake da shi a farkon hannun, nawa kuma ka karɓa. Inda aka kai ga buɗe kati, ka dubi abin da ya riƙe, ka sake lissafa zagayen uku da uku cikin huɗu na tukunya, ka ga ko da zai biya. Inda ka sami cek a fulof, ka ƙirga katunan da ka tare, ka duba ko akwai rubutun da ke cewa mutumin mai burga ne. Idan babu ko ɗaya daga cikin biyun, ka sa wa hannun alama, ka duba hannuwa nawa masu irin wannan alamar suka taru a wata ɗaya.